Saje, ka shirya komawa kurtu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na yi shekara 22 a aikin soja, na ajiye kaki ina Saje, yanzu ina zaune da iyalina a wajen titin Rukuba, nan Jos. Shekaruna 46, 'ya'ya shida. Fansho na shigowa, amma kafin 20 ga wata aljihu ya yi fayau. Da aka tura mu kwas ɗin sallama a Oshodi kiwon kaji na zaɓa, kajin kuwa damina ɗaya ta gama da su. Yanzu raina ya kwanta da aikin sa tayil, har ina tunanin sayen injin yanka da ragowar garatutina. Ban makara ba? Ta ina zan fara?
Tsohon soja, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam, Saje. Allah ya saka da alheri kan hidimar da aka yi wa ƙasa. Ba ka makara ba, gemu ba ya hana ilimi. Sai dai kuɗin nan ka bar su inda suke tukuna.

Na kusa shekara talatin ina cin abinci a wurin gini, kuma tsofaffin sojan da na ga sun gudu daga wannan sana'a ba wahala ce ta kore su ba. Ogan da za ka samu mai yiwuwa yaro ne ɗan shekara 25, wataƙila ma ɗan Togo ko Kwatano, don su suka yi suna a aikin. Shi zai ce maka, "Baba, kwaɓo siminti," "Baba, wannan bai yi ba, cire." A gaban leburori. Kai da ake ƙame maka a barikin Rukuba, ga ka da kwanon sarki a ka. Idan za ka iya haɗiye wannan na wata shida zuwa shekara, kamar yadda ka haɗiye na Zariya lokacin kana kurtu, to sauran mai sauƙi ne.

Kaki kuma ya bar maka jari. Kukan masu gida a kan masu tayil ɗaya ne: a karɓi kafin alƙalami a ɓace, a ce Litinin a zo Alhamis. Wanda zai iso bakwai na safe, ya share wuri kafin ya tashi, ba ya rasa aiki. Ga sanin layi. Sahun farko in ya karkace, duk ɗakin ya karkace, kamar dai fareti. Kada ka yarda da bango, mu magina mun san abin da muke bari a baya. Ja igiyarka, daga kusurwa ka auna santimita 60 ta nan, 80 ta can, in tsakaninsu ya ba ka 100 cif, kusurwarka ta daidaita.

Abin da zan so ka zura wa ido a hannun oga shi ne abin da ba ya fitowa a hoto. Tayil na gama-gari ana jiƙa shi kafin a ɗora, in ba haka ba ya shanye ruwan simintin ya saki. Mai ƙarfin nan da ake kira fosilin kusan ba ya shan ruwa, shi gam yake so. In an gama, ɗauki makulli ka bi kana ƙwanƙwasawa. Wanda ya zauna ƙararsa a dunƙule take, wanda ya yi ƙara kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, ranar da ƙafar gado ta hau shi zai tsage. Banɗaki kuwa sai da gangara zuwa magudana. Na taɓa sakaci da wannan a wani gida a Rayfield, ina kula da aikin. Matar gidan ta zuba bokiti ɗaya a gabana, ni da ita muna kallon ruwan ya bi ta ƙofa ya nufi uwar ɗaka. Daga aljihuna aka fasa aka sake.

Ka koyi lissafi tun yanzu. Ɗaki ƙafa 12 da 12 ya ɗan haura murabba'in mita 13. Tayil mai santimita 60 da 60 galibi huɗu ne a katan, wato murabba'in mita 1.44. Ka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, katan 11 ke nan.

Ba zan ɓoye maka ba, aikin durƙuso ne, gwiwa da ƙugu su ke biya. In ka fito da wani tsohon ciwo daga fagen daga, fara ganin likita. Siminti na cin hannu, balle a hunturun Jos, ƙurar yanka kuma huhu take nufa. Shi ya sa a shekarunka burinka ya zama nan da 'yan shekaru kai ke awo da jan layi, yara na ɗorawa.

Oga kuma a kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru za ka same shi. Masu sayar da tayil sun san wanda ake yabo da wanda ake dawowa ana zagi. Ka leƙa hukumar horar da ma'aikata ta ITF a titin Miango ko suna da horo a ƙasa. Takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago za ta yi amfani in ka fara hangen kamfanonin Abuja.

A yanzu tef, lebur na duba daidaito, cokali, gudumar roba, safar hannu da takunkumi sun ishe ka, sai guntun soson tsohuwar katifa na durƙusawa. Aikinka na farko kai kaɗai ya zama banɗakin gidanka, kuma uwargida za ta zuba bokitin.