Fuskata na zafi, idona ya yi ja: makancewa zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce, shekarata 38, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin Katsina. Shekara biyu ke nan fuskata na yi mini raɗaɗi, musamman in na tsaya gaban murhu ko na shiga rana, ga ƙananan ƙuraje a kumatu da hanci da haɓa. Wani mai kemis ya ba ni man shafawa mai haɗi uku. In na shafa sai su kwanta, in na bari kwana uku sai su dawo fiye da da. Yanzu abin ya kai ido: ja, ƙaiƙayi, kamar da yashi a ciki, hazbiya wata na fita wata na shigowa. Wata uku ke nan ina ɗiga wani magani da ya ba ni. A asibiti an ce rozeshiya ce, a gida kuma ana cewa sanyi ne ko baki. Don Allah Likita, makancewa zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba ki lafiya. Ki kwantar da hankalinki, rozeshiya, wato cutar fata da ke sa fuska ja da zafi da ƙuraje, ita kaɗai da wuya ta makantar da wanda ake kula da shi. Bayaninki ya yi daidai da ita: takan taso bayan shekara 30, ta zauna a tsakiyar fuska, ƙurajenta ba su da baƙin kai irin na ƙurajen balaga, kuma kusan rabin masu ita tana taɓa musu ido. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu, ya ɗau zafi, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ta ba. Ba sanyi ba ne, ba baki ba ne, kuma ba a ɗaukarta a wurin wani.

Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne man nan da kwalbar ɗigon nan. Ki ɗauko kwalinsu yanzu ki karanta ƙananan rubutun da ke jiki. In kin ga clobetasol ko betamethasone a man, ko dexamethasone, betamethasone ko prednisolone a ɗigon, to sitiroyid, wato maganin danne kumburi, kike amfani da shi. Kusan duk man da ake cewa mai haɗi uku haka yake: maganin cututtukan fata irin su makero da ƙyasfi, maganin ƙwayar cuta, sai sitiroyid mai ƙarfi. Shi ne ke kwantar da ƙurajen cikin kwana biyu, sai mutum ya ce ya samu magani. Ba magani ya samu ba. Sitiroyid yana matse ƙananan jijiyoyin jinin fuska ya danne kumburi na ɗan lokaci. Da an bari sai jijiyoyin su buɗe fiye da yadda suke, fuska ta ɗau wuta, a ruga a sake sayo bututu. A haka fatar ke yin laushi ta sirance, jijiyoyi su fito ɓaro-ɓaro, ƙuraje su kewaye baki, gashi ya tsiro a kumatu. Mai lafiyar fata ma in ya daɗe yana shafa wannan man sai ya jawo wa kansa cuta mai kama da rozeshiya sak, balle mai ita. Kuma da yawa daga cikin man bilicin da mayukan haɗi marasa suna da ake sayar wa mata a roba, ana cewa na gyaran amarya ne, da shi ake haɗa su. Mai sayarwa ba zai gaya miki ba, wani ma bai sani ba, shi dai ya san ana dawowa saye.

Na ido ya fi muni, don shi ɓarnarsa ba ta da ciwo. Ɗigon sitiroyid yana wanke jan ido tas, amma cikin mako biyu zuwa shida yana iya ɗaga matsin ruwan cikin ido, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku jikinsa na yin haka. Matsin lafiya yana tsakanin 10 da 21 a na'urar awon likita. In ya haura ya daɗe, sai ya riƙa cin jijiyar gani daga gefe, mutum bai ji komai ba, sai ranar da ya fara karo da ƙofa. Wannan shi ne gilakoma, abin da ake kira hawan jinin ido, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗigon yana kuma iya kawo yanar ido tun mutum bai tsufa ba. In ko da ɗan gyambo a kan baƙin ido, ɗigon nan yana iya hura shi har ya huda. Wanda bai da na'urar duba ido, bai taɓa auna matsin idon kowa ba, da wane ilimi yake miƙa wannan kwalba ta kan kanta? Ana ganin ido ya yi ja sai a ce apolo ne, a ɗiga. Apolo ba ya wata uku, Hajiya.

Saboda haka cikin makon nan ki ɗauki kwalbar da bututun ki je sashen ido, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko wani asibitin da ke da likitan ido, ki ce a auna miki matsin ido a duba baƙin idon. Tunda kin yi wata uku kina ɗigawa, likita ne zai tsara yadda za a janye shi a hankali. Man fuska kuma in an bar shi, ki sani abin zai tashi sosai na makonni kafin ya lafa. A nan mafi yawa ke karaya su koma. Ki daure, likitan fata zai iya sauko da ke kan sitiroyid mai rauni kafin a yanke gaba ɗaya.

Asalin matsalar idon a bakin fatar ido take. Akwai ƙananan ƙofofi a jere bayan gashin ido da ke fitar da maiƙon da ke hana hawaye bushewa. Rozeshiya na daskarar da maiƙon ya toshe su, daga nan bushewa da yashin da hazbiyar suke zuwa. Ki tafasa ruwa, ki bar shi ya huce har bayan hannunki ya iya jurewa. Ki jiƙa tsumma mai tsabta ki ɗora a idon a rufe minti 5 zuwa 10, kina sake jiƙawa da ya huce, amma a kan ido kawai, kada ɗumin ya sauka kumatu. Sai ki murza fatar idon a hankali zuwa wajen gashin, ta sama ƙasa, ta ƙasa sama, ki goge gindin gashin da auduga. Safe da dare, kuma ko an samu sauƙi a ci gaba sau ɗaya a rana. Ki riƙa ɗiga hawayen roba, wato ɗigon da ke jiƙa ido, sau huɗu a yini. Kwalli da tozali ki ajiye su tukuna, daidai kan ƙofofin nan ake zizara su.

A fuska akan ba da metronidazole na shafawa kashi 0.75 sau biyu a rana, ko azelaic acid, ko ivermectin kashi 1 sau ɗaya. In abin ya kai ido kamar naki akan haɗa da ƙwayar doxycycline, miligiram 50 zuwa 100 a rana na mako 6 zuwa 12. Ana shanta da kofin ruwa cike, ba a kwanciya nan take, a kuma raba ta da nono da maganin ƙarin jini da awa biyu. Mai ciki da mai shayarwa ba sa shanta, don haka ki gaya wa likita halin da kike ciki. Kada ki yanke hukunci kan aikin maganin kafin wata biyu.

Ba ta warkewa gaba ɗaya, lallaɓa ta ake yi. Zafin Maris zuwa Mayu da ƙurar hunturu su ne lokutan tashinta a nan. Ki riƙe laima da tabarau, ki shafa man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama. Shayi da koko ki bari su huce, ki rage yaji da attaruhu ki gani, ki ja baya daga tururin tukunya. Dilka, lemun tsami, sabulu mai kaushi da dirzar fuska da soso duk ƙara hura ta suke yi.

In idon ya fara zugi, ko kin kasa kallon haske, ko gani ya dushe, ko kin ga farin ɗigo a kan baƙin ido, ranar za ki tafi asibiti, kada ki jira gobe. In kuma akwai ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi ko gyambon baki tare da tabon fuskar, ki faɗa a yi miki gwajin jini, domin cutar lupus, wadda garkuwar jiki ke afka wa jikin kanta, na iya zuwa da irin wannan kama.