Tambayoyinku: Shirwa a sama, waya a hannu

Malam, kullum shirwa na shawagi a saman mahautar unguwarmu. In na ɗauke ta da Tecno ɗina sai ta fito wani baƙin ɗigo dishi-dishi, ko da na yi zumin har ƙarshe. Wayar ce ba ta da kyau? — Wani mai karatu daga Zariya

Ɗan'uwa, ka bar wayar nan ta huta, yatsunka biyu ne masu laifi. Zumin ɗin da kake yi ba janyo shirwar yake ba, tsakiyar hoton kawai wayar ke yankowa ta buɗe shi, ta cike giɓin da kame-kame. Sai wayar da ke da gilashin nesa na musamman, irin mai 3x ko 5x, ita ce ke janyowa da gaske, kuma ita ma iyakarta wannan lambar. Ka tsaya a nan, ka yanke hoton daga baya.

Shiga Pro, wato sashen kyamarar wayar da ke ba ka damar yin saiti da hannunka. Ka kai S, wato saurin ƙiftawar kyamara, zuwa 1/1000 na daƙiƙa, in rana ta buɗe sosai 1/2000, don fiffike ya tsaya cak. Ka bar ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) a Auto, ka ɗaga EV (ƙari ko ragin hasken hoto) zuwa +1, saboda kyamara hasken sararin sama take aunawa, shi ya sa take mayar maka da tsuntsun gawayi. Rana ta kasance a bayanka. Sannan ka daina ɗauka ɗaya-ɗaya kamar mai hoton fasfo; yi amfani da ɗauka a jere, ka bi ta da hannu a hankali, ka zaɓi guda cikin talatin. Ni al'adata ba na bin ta tana can ƙololuwa. Ina tsayawa kusa da inda mahauta ke zubar da tarkacen nama, in jira lokacin da za ta karkata jelar nan mai baki biyu ta kawo sura. A nan waya ke iya kama ƙafafunta a miƙe da rawayan bakinta.

Ina da Nikon da gilashi mai 70-300. Da shaho ya gifta gaban bishiya sai kyamarar ta bar shi ta kama ganye. — Wata 'yar'uwa daga Maraɗi

Hajiya, mayar da ita AF-C, wato kamun da ke ci gaba da bin abin da ke motsi (masu Canon su nemi AI Servo), ki rage wuraren kamun zuwa 'yan ɗigon tsakiya. Juya maɓallin saman kyamarar zuwa S, ki sa sauri 1/2000. Ki fara samo shi da zumin gilashin a 200, in ya shiga ido sai ki ƙarasa 300.

Kyamarata na sandarewa bayan na ɗauki hotuna goma a jere, wasu ma in na duba ba sa buɗewa. Sabon memori ne mai giga 128, da araha na same shi. — Daga Kaduna

Arahar ce ta ci ka, an yi maka ungulu da kan zabo. Saka shi a kwamfuta ka gwada da manhajar H2testw, za ta faɗa maka ainihin cikinsa. In za ka sake saye, nemi mai alamar V30 ko U3, wato ba ya kasa rubuta mega 30 a daƙiƙa, kuma a shagon da za ka iya komawa.

Malam, na yi sa'a! Na gano sheƙar ungulu a kan wani rimi a bayan garinmu, rabona da ganinta an yi shekaru. Yaya zan tura hotunan a zaurenmu na WhatsApp ba tare da sun dusashe ba? Kuma abokina mai ɗaukar biki zai ara mini ƙaramin jirginsa mara matuƙi in leƙa cikin sheƙar. — Wani matashi daga jihar Bauci

Ƙanina, zauna, da kai nake da magana yau.

Amsar tambayarka mai sauƙi ce: hoton da aka tura ta Document yana isa yadda yake, ba a matse shi. To amma ka san abin da ke tafiya tare da shi? Duk hoton da waya ta ɗauka tana liƙa masa bayanai a ɓoye: irin wayar, rana, sa'a, kuma in an kunna alamar wuri, har da lambobin taswira na daidai inda ka tsaya. In ka tura shi a matsayin hoto, WhatsApp na goge waɗannan. In ka tura ta Document, komai na nan. Duk wanda ya sauke shi ya danna bayanan hoto, taswira za ta kai shi gindin rimin nan ba tare da ya tambayi kowa hanya ba. Zauren da ke da mutum ɗari biyu, ka san su duka? Ka san inda za su tura?

Ka tambayi kanka me ya sa ka yi shekaru ba ka ga ungulu ba, tsuntsuwar da a da ba a raba ta da rufin mahauta da bakin kasuwa. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka irin wannan ungulu tamu ta cikin gari a sahun halittun da ke dab da ƙarewa. Cikin manyan dalilai a Najeriya akwai farautarta don tsibbu. Ana sayen kanta, da gashinta, da ƙwanta, kuma da tsada. Ƙwai ɗaya tal take yi, ta kwanta a kansa wajen kwana 50. Ɗauke ƙwai guda ya shafe haihuwar shekara ke nan. Ita ce kuwa ke share mana mushe kafin ya ruɓe ya zama cuta. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba mugu ne zai tona asirin sheƙar nan ba, mai ƙaunarta ne, don neman a ce masa "kai, wannan hoto ya yi".

Saboda haka kafin komai, shiga saitin kyamararka ka kashe abin da aka rubuta Location ko Geotag. Ni tawa a kashe take kullum, kuma haka nake so kowane mai karanta shafin nan ya bar tasa, musamman mata masu ɗaukar hoto a cikin gida. Waɗanda ka riga ka ɗauka, tura su a matsayin hoto ka danna HD, ya wadatar wa allon waya. Kada ka rubuta sunan gari a ƙasa, kada hasumiyar masallaci ko allon makaranta su fito a bayan bishiyar. Wanda ya bi ka ta bayan fage yana cewa "a ina ne wannan?", ka ce masa a daji.

Batun jirgi kuwa, a'a. Ƙararsa za ta kori uwar daga kan ƙwai, rana ta buge shi ko hankaka ya samu shiga. Manyan tsuntsaye masu farauta kuma sukan kai wa waɗannan jirage hari, farfela ta yanke su, kai kuma ka shiga biyan abokinka kuɗin da ba ka da su. Ka tsaya nesa, da hantsi, lokacin da ƙasa ta ɗau zafi iska mai ɗumi ta fara tashi. A lokacin za ka gan ta ta buɗe fiffike tana kewayawa ba ta ko kaɗa shi, kuma 1/1000 ya ishe ka. In ka ga ta miƙe a sheƙa tana kallonka, ka matso da yawa, ja da baya.

Akwai manhajar da za ta faɗa mini ko gaggafa na ɗauka ko shaho? — Daga Kumasi

Merlin Bird ID, kyauta ce, daga jami'ar Cornell ta Amurka. Ba ta hoto mai kyau, ba baƙin ɗigo irin na mutumin Zariya ba.

Hotunana duk sun yi fari-fari tun da hunturu ya shigo. — Daga Kano

Rabi hazo ne, wannan sai ka jira tsuntsun ya sauko kusa. Rabin kuma maiƙon yatsa ne da ƙura a kan gilashi. Hure ƙurar tukuna, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau, ba da bakin riga ba.