Kar ki sa hannu a takardar ejan ɗin nan

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Ingila ta rubuto cikin damuwa, ƙodojin mahaifiyarta a Kano sun daina aiki, ana mata wankin ƙoda. Yayyenta sun matsa sai ta ɗauko Hajiya da bizar ziyara tunda wai asibiti kyauta ne a can, har sun samo ejan da ya ce yana da yaron da zai ba da ƙoda, ita dai ta rubuta cewa ƙaninta ne.

'Yar'uwa, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Amma wallahi kar ki sa hannu.

Kin manta da Sanata Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawan Najeriya? Haka aka ɗauko wani yaro daga Legas aka kai shi asibitin Royal Free a Landan aka ce ɗan'uwa ne da zai ba 'yar sanatan ƙoda, likita ya zauna da yaron ya ga bai ma fahimci abin da za a masa ba, a 2023 kotu ta ɗaure sanatan shekara 9 da wata 8, matarsa da likitan da ya haɗa cinikin su ma aka ɗaure su. Wannan fa mai kuɗi ne mai lauyoyi. Ke wa zai tsaya miki? A can kafin a ciri ƙodar mai rai sai wani jami'i daban ya keɓe da shi ya tabbatar ba kuɗi ba tilas. Ejan kuwa na sha gani, ya karɓi rabin kuɗi ya kashe waya, sunanki ne a takarda ba nasa ba.

Batun kyauta kuma, NHS, wato hukumar asibitocin gwamnatin Birtaniya, na mazauna ƙasa ne. Ke kina ciki, Hajiya baƙuwa ce. In abin ya zo da gaggawa ba za su bar ta ta mutu ba, za su wanke, amma sai bil ya biyo baya, kuɗin aikin da ƙarin rabinsa, ga shi wankin nan sau 3 ne a sati. Bashin da ya kai fam 500 in ba a biya ba ana kai rahoto Home Office, ma'aikatar da ke kula da biza, gobe a hana ta biza.

Su kuma yayyen naki, cikinsu wa ya je aka gwada jininsa? Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002 suke dashen ƙoda, ga shi nan kusa da gida. Mutum ya ƙi miƙa hannu a ɗebi jini amma ya iya kiran waya yana cewa kin manta da nonon uwa, haba. Ki ce musu za ki ɗauki kuɗin wanki da magani duk wata, ki tura kai tsaye ga wanda ke jinyarta, su kuma su je likitan ƙoda ya duba wanda tasa ta dace.