Tankin ƙasa da dutse mai rai: ta ina mai sabon akwatin kifin teku zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na jima ina kiwon kifin ado na ruwan daɗi a gidana a nan Kano, yanzu kuma hankalina ya karkata ga kifin teku. An haɗa mini akwatin gilashi mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50. Mutumin da zai turo mini kaya daga Legas ya ce sai na yi wani tanki a ƙarƙashinsa, wanda suke ce wa samf, sannan in sayi dutse mai rai. Shin dole ne? Yaya ake haɗa su, dutse nawa zan saya, kuma yaushe zan zuba kifi? Ga kuma matsalar ɗauke wuta da ka sani.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗi da ka tambaya tun ba ka zuba ruwa ba, domin yawancin abin da zan faɗa maka yana da wuyar gyarawa bayan akwati ya cika.

Bari in fara raba maka aikin biyun nan, don mutane na yawan haɗa su. Dutsen shi ne ainihin matatar ruwanka. Tankin ƙasa kuwa wurin ajiye injina ne, yana ƙara maka yawan ruwa, yana kuma ɓoye tarkacen waya da bututu daga idon baƙo. Ana iya kiwon kifin teku ba tare da shi ba, amma a akwati mai lita 300 irin naka, kuma a gari mai zafi, ni dai ba zan ba ka shawarar ka bar shi ba. Ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin gurɓacewa.

Ga yadda yake aiki. Ruwa yana malalowa daga saman babban akwati ta wata 'yar katanga, ya bi bututu ya sauka tankin ƙasa, ya ratsa ɗakunansa, sai famfo ya mayar da shi sama. Saukowar nauyin ruwa ne ke yin ta, hawan kuma aikin wuta ne. Ka riƙe wannan, domin duk haɗarin yana nan. Don bututun sauka, mafi aminci shi ne a huda gilashin. Amma ka tambayi wanda ya haɗa maka akwatin ko gilashin irin wanda aka gasa ne don ya yi ƙarfi, domin irinsa ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi gaba ɗaya da an ɗora masa abin huda. Ka sa a yi ramuka biyu na sauka, ba ɗaya ba. Na farko ya ɗauki ruwan yau da kullum, da makunni a jikinsa don daidaita gudu har ƙarar kwarara ta ɗauke. Na biyu ya ɗan fi shi tsayi, ya zauna a bushe yana jiran ranar da dodon koɗi ko guntun gansakuka zai toshe na farko. Masu sana'ar suna kiran wannan tsari Herbie. Akwai akwatin malala da ake ratayawa a bayan gilashi ba tare da huda ba, amma ya dogara ne ga zuƙo, kuma idan iska ta shige shi bayan an dawo da wuta, famfo zai ci gaba da turo ruwa sama alhali babu hanyar sauka. A inda ake ɗauke wuta kullum, ban yarda da shi ba.

Tanki mai santimita 80 da 40 da 40 zai shiga ƙarƙashin akwatinka, ya ishe ka. Ka raba shi gida uku da yankan gilashi da silikon na akwatin kifi, ba wanda ake like banɗaki da shi ba, don wannan akan zuba masa maganin funfuna mai kashe halittun ruwa. Ɗaki na farko nan ruwa ke faɗowa, ta cikin jakar tacewa, nan ma injin kumfa yake zama. Wannan inji yana kaɗa iska da ruwa su yi kumfa, dattin da ya narke ya manne a jikin kumfar ya hau cikin kofi, ka zubar. Ranar da ka fara ganin baƙin ruwa mai wari a kofin nan za ka san abin da yake cire maka. Yana son zurfin ruwa tsayayye, yawanci wajen santimita 20, sai ka duba abin da kamfaninsa ya rubuta ka yanka katangar daidai da haka. Ɗaki na tsakiya ka bar shi ga ragowar dutse, daga baya ka ƙara ciyawar teku da ake kira Chaetomorpha da 'yar fitila, tana shanye naitiret da fosfet, wato sinadaran da datti ke bari a ruwa. Na ƙarshe na famfon mayarwa ne. Kafin shi ka jera gilashi uku da tazarar santimita biyu zuwa uku, ruwa ya bi ta sama, ya bi ta ƙasa, ya sake bi ta sama, don ƙananan kumfa kada su hau su dushe maka akwati. Jakar tacewa kuma a riƙa wanke ta duk bayan kwana biyu ko uku. Idan aka bar ta, ita da kanta take zama tushen datti.

Famfon mayarwa ba sai babba ba. Ya isa ya juya ruwan akwatin sau huɗu zuwa biyar a awa, wato lita 1,200 zuwa 1,500. Lambar da ke jikin kwali ta famfo ce da ba ya hawa ko'ina, da ya tura ruwa sama da mita ɗaya sai ƙarfinsa ya ragu, don haka mai lita 2,000 zai yi maka daidai. Motsin ruwa a cikin babban akwati aikin wasu ƙananan famfuna ne masu kaɗa igiyar ruwa, waɗanda ake mannawa a jikin gilashi. Duk bututu ya zama na roba. Kada tagulla ko jan ƙarfe su taɓa ruwan nan, guba ne ga murjani da jatan lande.

Yanzu ga abin da ya fi damuna game da kai, wato lokacin da wuta ta ɗauke. Famfo ya tsaya, amma ruwan sama bai tsaya ba. Zai ci gaba da sauka har ya kai bakin katangar malala, sannan bututun mayarwa ya juya ya fara zuƙo ruwa ƙasa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tankin mota da tiyo, kuma ba zai daina ba sai bakinsa ya sha iska. Mu yi lissafi da akwatinka. Faɗin samansa 120 sau 50 ne, kenan duk santimita ɗaya da ruwa ya sauka lita 6 ce. Idan ya sauka santimita 3, lita 18 ta tafi ƙasa. Haɗa da na cikin bututu da injin kumfa, ka ce 25. A tankin ƙasa mai 80 da 40, santimita ɗaya lita 3.2 ce, don haka kana bukatar fili na aƙalla santimita 8 a sama. Idan katangunka ba su wuce santimita 22 ba, kana da rarar 18, hankalinka kwance. Amma da za ka nutsa bakin bututun mayarwa santimita 15 cikin ruwa, lita 90 ce za ta sauko, kuma a tsakar falonka za ta ƙare. Saboda haka ka ajiye bakinsa kusa da saman ruwa, ka kuma huda ƙaramin rami a jikinsa daf da ƙarƙashin fuskar ruwan don iska ta katse zuƙon. Ramin nan yakan toshe da gishiri da gansakuka, ka riƙa tsokace shi. Kada ka dogara ga makunnin da ke hana ruwa komawa baya, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufuwa. Kafin ka zuba ruwan gishiri, cika komai da ruwan famfo don gwaji kawai, kashe wuta da hannunka, ka tsaya ka ga inda ruwa zai tsaya. Ka yi alama a jikin gilashi. Sannan ka kunna wuta, ka toshe bututun sauka na farko da gangan ka ga ko na biyu zai ɗauka.

In kana da inbata ko sola, famfo mai kaɗa ruwa a babban akwati shi ne na farko da za ka jona, kafin fitila, kafin komai. Abin da ke kashe kifi idan wuta ta jima ba ta dawo ba ƙarancin iskar oksijin ne, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin rasa ta. Ka ajiye ƙaramin injin iska mai batir a kusa. Ruwan yana son zafin digiri 24 zuwa 26. A Afrilu da Mayu, lokacin da Kano ke taɓa 40, fanka a kan tankin ƙasa za ta rage maka digiri ɗaya ko biyu ne kawai, sai ka tanadi injin sanyaya ruwa ko ɗaki mai na'urar sanyi. Da sanyin hunturu kuma sai hita. Soket ɗinka su kasance sama da ruwa, waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, don ɗigo kada ya bi ta.

Sai dutse. Ƙasusuwan murjani ne da suka daɗe da mutuwa, farar ƙasa ce mai ramuka ciki da waje, kuma rayuwar da ake nufi ita ce ta abubuwan da suka zauna a jikinsa: bakteriya, gansakuka mai launin shunayya, soso, ƙananan tsutsotsi da ƙwari na ruwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, mai kisa. Bakteriyar da ke fatar dutsen, inda iska ke isa, tana mayar da ita naitirayit, wata kuma ta mayar da wannan naitiret, wanda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Can cikin ramuka inda iska ba ta kaiwa, wata bakteriyar tana juya wani kaso na naitiret ya zama iskar naitirojin ya fice. Dutsen gini ko marmara ba za su yi maka wannan ba, ba su da ramukan, wasunsu ma suna sakin ƙarfe a ruwa.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce kilo ɗaya ga kowace lita goma, kilo 30 kenan a wurinka, amma in dutsen mai ramuka ne sosai, 20 zuwa 25 ya wadatar. Idan ka ɗaga guda biyu masu girma ɗaya, ɗauki wanda ya fi rashin nauyi. Wanda ake ɗebowa daga teku ya yi wuya ya yi tsada. Fiji, wadda ta daɗe tana cikin manyan masu fitar da shi, ta sanar da hana fitarwa a ƙarshen 2017, kuma cinikin murjani mai tauri tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu. Ni ina goyon bayan a bar wa teku dutsensa. Shawarata ka sayi busasshe, ko na haƙa ko wanda aka ƙera, ya zama mafi yawa, ka haɗa da kilo uku zuwa biyar na mai rai daga tankin wani mai kiwo da ka yarda da tsabtarsa. Cikin 'yan watanni rayuwar za ta bazu ta mamaye sauran.

Dutsen da ya kwana a hanya daga Legas, wasu halittun jikinsa sun mutu. Ka shinshina: mai lafiya ƙamshin teku yake yi, wanda ya fara ruɓa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kada ya shiga akwati haka. Sa shi a duro na roba da ruwan gishiri da famfo mai motsa ruwa, a inuwa, ka goge baƙin yauƙi da fari da burushi, ka riƙa canza ruwa har gwajin amoniya ya nuna sifili. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. A nan ne za ka tsamo baƙin da ba a gayyata ba, irin su ƙaguwa mai cin kifi da wata 'yar halitta mai kama da fure ruwan kasa, Aiptasia, wadda ke yaɗuwa tana harbin murjani. Ka sa safar hannu da tabarau. Kuma don Allah kada ka dafa dutsen nan ko ka zuba masa tafasasshen ruwa da sunan tsabtacewa. Wasu murjanai masu laushi da ke manne masa suna ɗauke da guba mai suna palitoksin, tururinta ya sha kai iyalai asibiti a Amurka da Ingila da Ostireliya.

Wajen jerawa, dutse ya fara zama a kan gilashin ƙasa, sannan a zuba yashi a kewaye, domin kifi masu tono za su iya kwashe yashin ƙarƙashinsa ya rufto. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da kowane gilashi, ka yi koguna da ƙofofi, kada ka gina bango. Inda ruwa ba ya ratsawa, nan datti ke kwanciya.

Ruwan kansa kada ya zama na bohal ko na famfo kai tsaye, kada kuma gishirin ya zama na girki. Ka nemi matatar RO/DI, wato na'urar da ke tace sinadaran da suka narke a ruwa, ka sayi gishirin da aka haɗa don kifin teku, wajen giram 35 zuwa 38 a kowace lita, har ma'aunin gishirin ruwa ya nuna 1.025. Ruwan da ya ƙafe kuwa, a ɗakin famfo za ka ga raguwarsa, kuma da hunturu yana ƙafewa sosai. Ka cike da tataccen ruwa zalla, domin gishiri ba ya bin tururi.

Batun zuba kifi, ma'auni ne zai gaya maka, ba kalanda ba. Jefa guntun ɗanyen jatan lande ya ruɓe a ciki, ko ka ɗiga amoniya ta kai 2 a ma'aunin gwaji, ka bar fitila a kashe, kana gwadawa duk bayan kwana biyu. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirayit ya biyo ta ya sauka, naitiret ya bayyana. Yawanci mako huɗu zuwa shida ne. Idan ka sake ɗiga amoniya ta ɓace cikin awa 24 tare da naitirayit, canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, ka kawo kifi biyu kacal. Na fi so ka fara da Amphiprion ocellaris, mai launin lemu da fararen zane uku, wanda aka ƙyanƙyashe a tanki, don ya fi juriya. Ka jira mako biyu zuwa uku kafin ƙari. Wata ƙura ruwan kasa za ta lulluɓe yashi da gilashi a makonnin farko. Wannan ba lalacewa ba ce, takan wuce da kanta in ruwan da kake ƙarawa tatacce ne. Murjani kuwa ka dakata masa sai akwatin ya yi wata uku zuwa shida, kuma ka ga yadda ya tsallake zafin bazara.