Hukuncin Ƙona Ganyen Sej Don Tsarkake Gida

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina aure a Amurka, kuma kwanan nan muka tare a sabon gida. Maƙwabciyata, wadda ba Musulma ba ce, ta kawo mini ɗaurin wani busasshen ganye fari-fari da suke kira sej, ta ce in kunna bakinsa, in hure harshen wutar, sannan in zaga da hayaƙin lungu-lungu da tagogi a buɗe, wai zai kori mugun abin da mazaunan farko suka bari. Ta ce wannan ba addini ba ne, ni kuma na ga ai mu ma muna yin turaren wuta. Shin ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, ganyen halal ne, hayaƙinsa ma halal ne, amma ƙona shi da wannan manufa da maƙwabciyarki ta faɗa bai halatta ba.

Asalin tsirrai a shari'a halacci ne. Wani ɗan'uwan wannan ganye, wanda Larabawan Sham ke kira maramiyya, a shayi suke zuba shi, kuma babu laifi a cikin haka. Turara gida don ƙamshi ma abu ne mai asali, domin Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yana yin turaren wuta da itacen oud, wani lokaci ya haɗa da kafur, yana cewa haka Manzon Allah (SAW) yake yi. Saboda haka turaren wutarki na nan a kan halaccinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake nema daga hayaƙin. Malamai sun ce ba a riƙon abu a matsayin sababi sai ta ɗayan hanyoyi biyu: ko shari'a ta tabbatar da shi, kamar yadda ta tabbatar da ruƙiyya da Alƙur'ani, ko kuma a gane amfaninsa a zahiri, kamar yadda kowa ke ganin hayaƙi yana korar sauro. Korar shaiɗan, ko kambun baka, ko wata mugunta da ido ba ya gani, lamari ne na gaibu, kuma gaibu ba a saninsa sai ta wahayi. Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya bai wa hayaƙin wani ganye wannan aiki. Wanda ya ƙona shi yana ganin sababi ne kawai, Allah ne mai yi, ya faɗa cikin ƙaramin shirka, irin na mai rataya laya mara asali. Wanda kuwa ya ƙudurce cewa ganyen da kansa ne yake tsarewa, to lamarinsa ya kai ga babban shirka, Allah ya kiyashe mu.

Cewar da ta yi ba addini ba ne, wataƙila iyakar saninta ke nan, amma tarihi bai goyi bayanta ba. Wannan farin ganye a kudancin Kalifoniya da arewa maso yammacin Meziko yake fitowa, kuma turara jiki da wuri da irinsa ibada ce ta wasu ƙabilun asali na Amurka, waɗanda aka daɗe ana danne al'adun bautarsu kafin a yi dokar kare 'yancin addininsu a 1978. Daga baya ne 'yan kasuwa suka mayar da shi haja, suna sayar da shi tare da kwanson wata halittar teku da ake tarar tokar a ciki, da gashin tsuntsu na fifita hayaƙin. Shigarsa kanti bai raba shi da asalinsa ba. A shekara ta 8 bayan Hijira, a hanyar Hunaini, wasu sababbin shiga Musulunci sun ga wata magarya da mushrikai ke rataya makamansu a kanta don neman albarka, sai suka roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu irinta. Tirmizi ya ruwaito cewa ya kwatanta roƙonsu da na Banu Isra'ila da suka ce wa Annabi Musa ya sanya musu abin bauta kamar yadda wasu suke da shi. Waɗannan Sahabbai ba su nufi barin tauhidi ba, amma kyakkyawar niyya ba ta sa an amince musu ba.

Kada mu ɗauka matsalar ta Turawa ce kaɗai. Ƙulle-ƙullen hayaƙin da boka ke bayarwa a ƙasar Hausa, a ce a turara ɗaki da almuru don a sallami mutanen ɓoye, hukuncinsu ɗaya ne, ko ma ya fi muni idan akwai neman yardar aljani a ciki, domin aya ta 6 a Suratul Jinni ta zargi masu neman tsari da aljanu. Akwai masu ruƙiyya da ke halatta wasu hayaƙai da hujjar an jarraba an ga amfani, amma a ganina jarrabawa ba ta zama hujja a kan abin da ba a iya gani.

Shari'a ba ta bar ki hannu rabbana ba. Ki karanta Suratul Baƙara a gidan, domin ya tabbata a Muslim cewa shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta ta. Ki riƙa faɗin "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ", wadda Khaula 'yar Hakim ta ruwaito ga wanda ya sauka a wani masauki. Ku ambaci sunan Allah yayin shiga gida da cin abinci, ku lazimci ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara da dare.

Game da ɗaurin da ke hannunki, ki gode wa maƙwabciyar da kyakkyawan lafazi, domin alheri ta nufa, kuma tana da haƙƙin maƙwabtaka. Idan ƙamshinsa kaɗai kike so, babu laifi ki sa shi a kasko kamar kowane turare, ba tare da zagaya lunguna ko wata niyyar tsarkakewa ba, kodayake barinsa ya fi mini daɗi tunda da wannan sunan ya shigo gidanki. Idan kin riga kin yi a kan rashin sani, ki nemi gafarar Allah, kada ki sake, kuma babu wata kaffara a kanki.

Wallahu a'alam.