Tsohuwar bindigar toka ta yi tsatsa: a kai ta giranda ko a dafa ta?

"Maigida, wani daga cikin 'yan bindigar hawan sallah a nan Bauchi ya kawo bindigar toka ta kakansa. Bututun ya yi jajir da tsatsa, ƙotar ta yi baƙi da maiƙo. In sa mata giranda in fesa baƙin fenti?"

A'a ɗana, ajiye girandar nan. Tana cinye kusurwoyin ƙarfe, ta shafe tambarin maƙerin da ya ƙera ta, fenti kuma yana ɓamɓarewa da zarar bututu ya ɗauki zafi. Jar tsatsar da kake son kankarewa, ita za mu dafa ta zama baƙin.

Kafin komai, duba ko a ɗure take, don albarushi yana shekaru a ciki bai mutu ba. Juya bakin wajen da babu kowa, zura sandar ɗuri har ta tsaya, yi alama da farce, ka zaro ka gwada ta waje. In ba ta kai daidai ramin wuta ba, wato 'yar ƙofar da ke gindin bututu inda wuta ke shiga, akwai ɗuri. Cika bututun da ruwa ya kwana, kada ya kusanci maƙera sai an fitar da ɗurin. Ka kuma nemi ganin lasin mai ita. Dokar Makamai ta 1959 ta ba Kwamishinan 'yan sandan jiha ikon hana riƙe bindigar toka ma sai da lasin, sana'ar gyaranta kuma sai mai izini. Ƙaramar ta aljihu kuwa, fistol, tana cikin waɗanda aka haramta sai da lasin Shugaban Ƙasa. In an kawo maka irinta, komai tsufanta, kada ka karɓa.

Wajen kwancewa, ɗiga kananzir a kan kowane sukuru ka bar shi kwana 2. Goge bakin sukundireba da magagari har ya cika tsagar sukurun cif. In ya yi sako-sako zai zame ya yage kan, kuma irin waɗannan na ƙirar hannu ba ka samun madadinsu a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal. Sifirin ɗin kunama ka sassauta shi a hankali ka ajiye gefe, tsohon sifirin ba ya lanƙwasa, karyewa yake.

Wanke cikin bututun da ruwan zafi da sabulu. Dattin albarushi gishiri ne mai jan laima, mai ba ya narkar da shi, rufe shi kawai yake ya ci gaba da cin ƙarfe ta ƙasa. Sai ka haska tocila. In ka ga ramuka masu zurfi kusa da gindi, ko tsaga ko da siririya kamar gashi, ka faɗa wa mai ita gaskiya: wannan ta ratayewa ce a bango, ba ta ɗuri ba. Kyan waje ba ya ƙara wa bututu kauri.

Yanzu ga aikin. Wanke wajen bututun da sabulu, ka goge da fetur nesa da wuta, daga nan hannunka ba ya sake taɓa ƙarfen sai da safar hannu mai tsabta. Yatsa ɗaya mai gumi zai bar tambarinsa fari fat a tsakiyar baƙin. Zuba ruwan sama a doguwar kwatarniyar ƙarfe wadda bututun zai nutse a ciki, ya tafasa minti 15. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin ɗigo-ɗigon toka. Da ka tsamo za ka ga jar ta koma baƙa kamar kunkunniya, ƙarfen kuma ya bushe da zafinsa. Goge garin da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, wanda ka riga ka wanke da fetur, don da mai ake sayar da shi. Hannu sakayau, kamar kana share ƙura. Abin da ya rage manne shi ne baƙin gaske.

Sau da yawa wannan dahuwar kaɗai ta isa. Inda ƙarfe ya yi fari saboda riƙo, bi shi da samfefa mai lamba 320 a naɗe a kan katako, ta tsawon bututu. Kada ka wuce 400, ƙarfe mai santsin madubi ba ya kama tsatsa sosai. Don sabuwar tsatsa ta fito a wurin, haɗa haidirojin na kemis (ruwan wanke ciwo) cokali 8, binega cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali. Toshe bakin bututun da ramin wuta da itace, ka shafa da auduga matsattsiya, shafa ɗaya daga gindi zuwa baki. In ruwan ya gangara, sawunsa zai fito. Bari ya yi ja ko'ina, ka cire toshin, ka dafa, ka goge, ka maimaita sau 5 zuwa 8 har ka ga bai ƙara duhu ba. A watan Agusta tsatsar tana fitowa da kanta. Da hunturu kuwa shafar tana bushewa kafin ta kama, sai ka rataye shi cikin kwali tare da kwanon ruwan zafi. Kada ya kwana da ja a jikinsa, ramuka zai yi. Bayan dahuwar ƙarshe, shafe shi da mai ciki da waje tun yana da ɗumi, ka bar shi awa 24.

Ƙota ba ta son wanka. Shanya ta a rana maiƙon ya tsattsafo, kana gogewa da tsumma. Inda ta lotsa, ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle ka danna da dutsen guga mai zafi, tururi zai kumbura wurin. Shafa man linsid ɗigo kaɗan da tafin hannu, ka goge rarar bayan minti 20, sau ɗaya a rana har kwana 5. In ka labta, danƙo zai yi. Tsumman man ka baza shi a fili ya bushe, in ka dunƙule shi yana iya kama wuta da kansa. Zoben tagulla, lemon tsami da toka sun ishe su. Layu da fatar da ke ɗaure a ƙotar, ka mayar da su yadda ka same su.