Kafin ka miƙa fulogi, auna bakinsa

Wani mai shagon kayan gyaran injuna a Kura ya aiko da tambaya. Manoma na yawan dawo masa da fulogi suna cewa jabu ne, har wani dattijo mai tsohuwar tarakta Ford 8N ya daina zuwa shagonsa. Ya canza dila ne, ko ya haƙura da sayar da fulogi?

Alhaji, kada ka yi gaggawar rabuwa da dilanka. Jabu akwai shi a kasuwa, ban musa ba, amma sau da yawa matsalar tana ga 'yar tazarar da ke bakin fulogin, inda wuta ke tsallakawa. Kowane inji da tasa. Taraktar dattijon nan ta fetur ce, an ƙera irinta tsakanin 1947 da 1952, kuma tazarar da take so kusan milimita 0.6 ce zuwa 0.7. Wutarta ba ta da ƙarfin ta motocin yanzu. In bakin ya buɗe da yawa, za ta wahalar da shi wurin tashi da asuba, ta riƙa sheshsheƙa da zarar garma ta kama ƙasa. In ya matse kuma, wutar ta yi rauni, mai ya tafi a banza.

Sayi fila, 'yan siraran ƙarafan awon nan masu lamba a jiki. Kuɗinta ba zai taɓa jarinka ba. Duk wanda ya zo, tambaye shi injin da zai sa wa, ka auna a gabansa. In tazarar na son gyara, lanƙwasasshen ƙarfen waje na bakin fulogin kaɗai za ka taɓa, a hankali. Na tsakiya kada ka kuskura, farin tangaran ɗin zai tsage, asarar kuma taka ce.

Ni a ganina cinikinka na gaske yana wurin masu noman rani na Kadawa. Taraktocin da ke aiki yanzu galibi na gas ne, wato dizal, ba ruwansu da fulogi, amma injin ban ruwa irin Honda GX160 yana son milimita 0.7 zuwa 0.8.

Ka kuma ce su riƙa zuwa da tsohon fulogin. In ka ga baƙin hayaƙi busasshe, a duba matatar iska, ƙurar hunturu kan toshe ta. In ya jiƙe da baƙin mai, galibi ringin cikin injin ne ya cinye, sai bakanike. Faɗa wa mutum haka tun bai biya ba.

Dattijon kuwa, ɗauki filarka ka same shi har gida.